Dogon Fili Bayan Kwal

Handsworth, Birmingham
14 ga Maris, 2012

Yaya Kambai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Schola da yara. Ni ma lafiya, sai gwiwar nan da ba ta shiri da sanyi. Likitana, GP, ya ce in rage tsayuwa, na ce masa to ya zo care home ɗinmu, gidan kula da tsofaffi da nake aiki, ya gaya musu su riƙa ɗaga kansu da kansu.

Ni ce Justina, 'yar Baba Tomas na Ungwan Dinya. Na faɗi haka ne don shekara bakwai ba kwana bakwai ba ne, kuma ko da yake kakanka da kakana ciki ɗaya suka fito, zumuncin da ba a taka masa ƙafa yakan manta suna. Na kira wayarka sau huɗu tun Fabrairu ba ka ɗauka ba. Adireshin nan wurin wata 'yar zumuntar mata na samo shi, ƙanwarta na zuwa cocinku a Moss Side. Na ce waya ana iya ƙin ɗauka, amma takarda in ta faɗo ta ƙofa dole a sunkuya.

Kamfanin kwal ya tafi. Ƙanena Eli ya ce a watan Janairu suka loda injinansu a manyan motoci, cikin kwana uku ba kowa sai mai gadi, shi ma da wata ya ƙare ya kama gabansa. Ba su rufe komai ba. Dogon Fili, inda shanun garinmu da na su Sunusi Bafulatani suka yi kiwo tun ba a haife mu ba, yanzu rami ne wanda in ka tsaya a baki ɗaya ba ka gane mutumin da ke ɗaya bakin. Ruwa ya taru a ciki, ja kamar tsatsa. Shanun Sunusi biyu sun sha sun mutu. Gefen ramin kuma tulin baƙar ƙasa ne, ko tsidau ya ƙi fitowa a kai.

Ka tuna Kirsimetin 2005, da ka je gida dattawa suka taru a gindin ɗorawar makaranta, suka ba ka takardar kamfanin ka karanta musu saboda Turancinta ya fi ƙarfin malaman firamare? Ka ce an rubuta a ciki cewa in sun gama haƙa za su cike ramin, su mayar da ƙasar sama, su shuka ciyawa. Ka ce ka ga ana yin haka a Ingila. Baba ne ya fara dangwala yatsa, ya ce tunda ɗanmu ya gani da idonsa, magana ta ƙare.

Ban rubuto don in tono wannan ba. Baba ya kwanta dama shekara uku ke nan, kuma bai taɓa ambaton sunanka da sharri ba. Mahaifiyata, Mama Angelina, ce ta aiko ni. Shekararta saba'in da tara yanzu, kunne ya yi nauyi amma baki na nan yadda ka san shi. Ranar Lahadi Eli ya kanga mata waya, ta ce mini, "Ba an ce aikin Kambai ke nan a can ba, tayar da ƙasar da kwal ya kashe? To a gaya masa tamu ma ta mutu. Ya zo ya duba ta. Ko bai taɓa ta ba, ya gaya mini gaskiya ko za ta tashi."

Saƙon ke nan, na sauke. Ka ba ni abin da zan faɗa mata.

Ƙanwarka,
Justina


Salford
2 ga Afrilu, 2012

Ƙanwata Justina,

Na sami wasiƙarki, na gode Allah da kina lafiya. Sannu da gwiwa. Mu ma nan ƙalau. Schola na gaishe ki, babbar 'yarmu tana shekarar ƙarshe a jami'a, ƙaramin kuma Hausarsa ta koma "sannu" da "na ƙoshi".

Na ga kiranki, kuma na san ke ce. Ban ɗauka ba don na san abin da za ki faɗa, labarin ya riga ki zuwa. Ba ni da hujja, ki yi haƙuri.

Bari in ba ki labarin aikin da Mama take nufi, don ki san abin da za ki gaya mata. Akwai wani tsohon wurin haƙar kwal a hanyar Wigan, an rufe shi tun kafin in zo ƙasar nan. Abin da aka bari tudu ne na baƙin tarkace, faɗinsa ya kai rabin Dogon Fili. Wata ƙaramar ƙungiya da council, wato hukumar yankin, ke ɗaukar nauyinta ce ta ɗauke ni a 2003, aka ce in mayar da shi wurin kiwo da mafakar tsuntsaye. Ranar da na fara hawa, na dumbuzi ƙasar na sansana, warin ashana take yi. Ƙasa ce mai tsami, tana ƙone saiwar duk abin da ya taɓa ta.

Shekara biyu muna kwantar da gangaren don kada ruwa ya riƙa kwashe shi, muna zuba farar ƙasa mota-mota don kashe tsamin, sannan taki. Shukar farko ta mutu duka. Ta biyu ta fito kamar gashin jariri, rani ɗaya ya cinye ta. Ta uku ce ta kama.

Akwai wani dattijo Bature, Alfred, shekara ashirin da shida ya yi yana haƙar kwal a ƙarƙashin wannan tudun. Shi ke zuwa taya ni ba a biyansa, yana tari yana tura baro. A shekara ta biyar muna haƙa ramin dashe, sai na ji ya ƙwala mini kira kamar maciji ya sare shi. Na rugo, na tarar da shi a durƙushe da tana guda ɗaya a tafin hannu. Ya ce, "Kambai, dube ta. Ta zo da kanta, ba mu muka kawo ta ba." Justina, manyan maza biyu muka tsaya muna kallon tana, idonmu ya kawo ruwa. In tana ta yarda ta zauna a ƙasa, ƙasar ta fara numfashi ke nan.

Yanzu shekara tara. Ciyawa na kai mini gwiwa. Akwai zomaye, akwai bushiya, akwai wani tsuntsu mai tukku kamar zakaran ƙeƙuwa da ke ƙwai a ƙasa, bara na ƙirga sheƙa goma sha ɗaya. Wani manomi na kawo mana shanu goma sha biyu kowace shekara, su yi kiwo daga Mayu, don in ba a ci ciyawar ba ƙaya ce za ta mamaye wurin. Idan na tsaya cikinsu da safe, Dogon Fili nake gani, lokacin da muke bin shanun Baba Tomas da 'yan sandunanmu.

Saboda haka ki gaya wa Mama ƙasa tana tashi. Na gani, na taɓa.

Shanu za su fita a ƙarshen Oktoba, aikin bana ya ƙare ke nan. Idan na ga ƙarshen aikin nan, zan je gida in tsaya a bakin ramin da ƙafata. Kafin nan ki ce wa Eli a kewaye ruwan da ƙaya, kada dabba ko yaro ya kusance shi.

Ki gaishe mini da Mama ƙwarai.

Yayanki,
Kambai


Handsworth
21 ga Afrilu, 2012

Yaya Kambai,

Allah ya saka maka da alheri. Ina fata kuna lafiya, mu ma lafiya. Gwiwa ma ta yi sauƙi, ko don murna ce ban sani ba.

Sau uku na karanta wasiƙarka a bas, na huɗu na karanta wa Mama ta waya, Eli na maimaita mata da ƙarfi. Da na zo wurin tanar nan ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Yaron nan bai canza ba. Tun yana ƙarami shi ne mai kwanciya a ƙasa yana kallon tururuwa, shanu na shiga gonar mutane."

Na gaya mata kana zuwa bayan Oktoba, da zarar shanu sun fita. Ta sa Eli ya ƙirga mata watanni a yatsa. Ta ce ba laifi, wata shida ba ya kashe tsohuwa. Ranar Lahadi Fasto ya sanar a coci, Eli ya ce har guɗa aka yi. Sunusi ya zo da kansa ya tambaya ko gaskiya ne, don yana shirin kwashe iyalinsa da sauran shanunsa ya yi kudu, amma in za a gyara filin zai daure ya ƙara shekara. An kewaye ruwan da ƙaya yadda ka ce.

Ni ma na nemi hutu a wurin aiki na watan Nuwamba. Manajarmu ta ɓata rai, don an rage mana ma'aikata, mu uku ke yin aikin mutum biyar, amma ta sa hannu. Ka gaya mini ranar da ta yi maka, mu tashi jirgi ɗaya. Rabona da gida tun jana'izar Baba, kuma ba na son in ga ramin nan ni kaɗai.

A gaida Anti Schola, a gaida dattijon nan Alfred, ka ce masa wata tsohuwa a Najeriya tana sa shi a addu'a.

Ƙanwarka,
Justina


Handsworth
9 ga Satumba, 2012

Yaya Kambai,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Ni ina nan.

Wata huɗu da rabi ke nan ba amsa. Na rubuta a Yuni, na kira a Yuli, na kira a Agusta. 'Yar zumuntarmu ta ce ƙanwarta na ganinka a coci kowace Lahadi, da ƙafarka, da rigarka mai guga. To ba ciwo ba ne.

In ka fasa ne, ka faɗa. Mu ba baƙin jin alkawari ba ne a Ungwan Dinya, mun taɓa jin wani a gindin ɗorawa. Ka iya zubar da hawaye saboda tanar Turawa, amma layi biyu sun gagare ka saboda mutanen da suka goye ka.

Mama ta daina tambayarka.

Justina


Salford
28 ga Oktoba, 2012

Ƙanwata Justina,

Ina gaishe ki, ina fata jikinki da sauƙi. Mu muna nan da rai. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan bi abin yadda ya faru.

Wasiƙarki ta Afrilu ta iso ranar Talata. Da na karanta na ga an yi kuskure, don ban ce zan zo bayan Oktoban bana ba. Da na ce idan na ga ƙarshen aikin, ina nufin aikin gaba ɗaya, kuma a lissafina saura shekara uku. Na koma na tuna yadda na jera maganar, na ga kowa ma haka zai fahimta. Laifina ne. Na ce ranar Asabar zan zauna in gyara.

Ranar Alhamis aka kira mu taro. Wata mata daga council ta zo da takardu, ta ce gwamnati ta yanke musu kuɗi, dole su zaɓa tsakanin kula da tsofaffi da yara da kuma irin namu. Tallafinmu zai tsaya a ƙarshen Satumba. Filin kuma nasu ne, za a sayar wa masu gina manyan ɗakunan ajiye kaya, saboda yana kusa da babbar hanya. Na ce mata akwai tsuntsaye masu ƙwai a wurin. Ta ce an duba, za a jira su gama ƙyanƙyasa kafin a fara. Ba muguwa ba ce, Justina. Ita ma an ce aikinta ba zai kai Kirsimeti ba.

Mun yi abin da ake yi. Mun tara sa hannu, mun je taron jama'a, Alfred ya sa kwat ɗin aurensa ya yi magana har numfashinsa ya ɗauke. Aka tafa masa, aka sayar.

To ki gaya mini, da wane baki zan rubuto miki? An sanar da zuwana a coci, an yi guɗa, Sunusi ya fasa ƙaura saboda ni. Sau biyu ke nan mutanen garinmu suna jingina da maganata. Ko Schola sai da na yi mako uku ina ɓoye mata, ina fita da safe da takalmin aiki kamar ba abin da ya faru. Kowace Asabar sai in ɗauko takarda, in rubuta "Ƙanwata Justina", in zauna ina kallonta.

Sannan ta Satumba ta zo. Da na karanta cewa Mama ta daina tambayata, na ce to, ta cire ni daga ranta, kuma ta yi daidai. Na ce wanda aka riga aka sallama ba ya buƙatar gaggawa. Abin da ya ƙara mini mako bakwai ke nan.

Jiya aka zo aka kwashe shanun. Ni na buɗe musu ƙofa, ko da yake wata guda ke nan ba ni da aiki a wurin. Wata jar saniya ta ƙi hawa mota, sai da na shiga gabanta da guga.

Akwai abu biyu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na farko, abin da na karanta wa dattawa a 2005 yana cikin takardar, ban ƙara ko harafi ba. Amma na san alkawarin kamfani ba ya cika kansa, sai da wanda zai riƙe masa wuya, kuma ban tambaya ko akwai mai riƙewar ba. Ina cikin zumuɗin sabon aiki, ga dattawa sun zuba mini ido, na ji daɗin zama wanda ya sani. Da na ce musu su dakata a nemo lauya, da Baba Tomas bai dangwala ba.

Na biyu, amsar da Mama ta nema. Ƙasa tana tashi, ban yi ƙarya ba. Amma a nan, da motoci da farar ƙasa da ruwan sama kusan kullum, shekara tara ta ci. Dogon Fili ya ninka wannan, ga rami, ga ba mota ko ɗaya. In an fara gobe, jikokin Eli ne za su yi kiwo a wurin. Mama ba za ta gani ba. Kada ki gaya mata wannan, ki bar ni in faɗa mata da bakina in ta yarda ta saurare ni. Ki roƙa mini ita.

Yayanki,
Kambai


Handsworth
2 ga Disamba, 2012

Yaya Kambai,

Na gaishe ka da iyali. Na dawo daga gida ranar ashirin ga Nuwamba, na tura ƙofar flat na ji takardu sun tokare ta. Taka na ciki. Kwana goma sha biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Mama ta rasu ranar ashirin da huɗu ga Oktoba, da hantsi. Kwana huɗu kafin ka zauna rubuta mini in roƙa maka ita.

Ba cire ka ta yi daga ranta ba. Ranar sha tara ga Agusta ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya mutu. Ta daina tambayarka ne don ta daina magana. Na san haka lokacin da na rubuta maka layin nan. Ina iya cewa Mama ba ta da lafiya, ka yi sauri, amma na zaɓi abin da zai fi yi maka ciwo, don ina jin haushinka. Da na faɗa maka a fili, wataƙila da ka ɗauki waya ta ji muryarka, don kunnenta na hagu bai mutu ba. Wannan nawa kason ne, ni zan ɗauke shi, ba na neman ka rage mini.

Haka kuma ni na ce mata Oktoba. Na sake karanta wasiƙarka ta Afrilu, na ga abin da ka rubuta da abin da na so in gani.

Amma kai ma ka ji naka. Wata huɗu tana da baki, daga Afrilu zuwa Agusta, kuma kowace Lahadi sai ta ce wa Eli, "Kambai ya sa rana?" Layi ɗaya da ya ishe ta. Ka ce kunya ce ta hana ka. Matar da ta wanke maka gyambo a ƙafa kana ɗan shekara takwas, ita ce za ka ji kunyar gaya wa an kore ka daga aiki? Da ta ce maka Allah ya kawo wani, ta koma kan zancenta.

Na ga ramin. Kwana biyu bayan jana'iza na ce Eli ya kai ni. Yaya, ban gane wurin ba. Na nemi rafin da muke wanka na rasa, na nemi kaɗanyar da ke tsakiya na rasa, har gabas da yamma sai da suka rikice mini. Ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Na tsaya ina ta juyawa kamar baƙuwa, har Eli ya kama hannuna. Sunusi ya tafi, tun da damina ta ɗauke. Ya zo gaisuwa daga inda ya koma, bai tambaye ka ba, ni ma ban ɗauko zancen ba.

Ga abin da ke cikin ambulan nan. Littafin makaranta ne, rubutun Eli. Tun daga Afrilu, kowace Lahadi bayan sujada sai Mama ta sa ya ɗauke ta a babur zuwa bakin ramin. Ta zauna a kan dutse tana nuni da sanda, shi yana rubutawa: nan rafi ya bi, nan ya karkata, nan gamba take, nan kyasuwa, nan ruwa ke kwanciya har Janairu, nan fakara ke ƙwai. Eli ya ce mata, "Mama, me za a yi da wannan?" Ta ce, "Kambai ya bar gida da wuri, ya manta. Yaya zai mayar da abu yadda yake in bai san yadda yake ba? Mu da muka sani mun kusa ƙarewa." Shafi talatin da ɗaya suka yi. Na ƙarshe na ranar sha biyu ga Agusta ne.

Naka ne, don kai aka yi shi. Ban aiko don in tilasta maka komai ba, na gaji da aika saƙo tsakanin mutane.

Na yi baƙin cikin filinka. Da gaske nake.

Justina


Salford
10 ga Fabrairu, 2013

Ƙanwata Justina,

Ina yi miki gaisuwar Mama, ko da yake ta makara kamar duk abin da ya fito daga hannuna. Allah ya ba ta hutawa, ya ba ku haƙuri ke da Eli. Schola ta yi kuka ƙwarai. Lafiyarmu ƙalau. Na sami aikin wucin gadi a wani shagon sayar da furanni da taki, ina ɗora wa mutane buhuna a mota.

Kin ce ba kya neman in rage miki naki kason, to ba zan yi miki gardama ba. Amma ki sani da na amsa wasiƙar Afrilu, da ba a kai ga ta Satumba ba.

Na karanta littafin. Ban iya wuce shafi uku a zama ɗaya ba. Akwai inda ta ce a yammacin kaɗanya ƙasar ja ce mai tsakuwa, ba ta riƙe ruwa, kada a wahalar da kai a shuka gamba a wurin. Justina, shekara biyu na yi a tudun nan ina gwaje-gwaje kafin in gane irin wannan, don babu mai rai da ya tuna yadda wurin yake kafin kwal. Ita ta zauna a kan dutse ta ba ni shi kyauta, ni kuwa ina nan ina ɓuya.

Ranar Litinin da ta wuce suka fara aiki a filin. Alfred ya kira ni ya ce zai je, na ce ba zan iya ba, sannan na hau bas. Muka tsaya a bayan shingen waya. Injin ya sa baki ya naɗe ƙasar sama kamar tabarma, baƙin tarkacen ya sake fitowa, har warin ashanar. Ban san kaurin ƙasar da muka yi ba sai ranar. Ta kai tsawon tafin hannuna. Kwana ɗaya da rabi suka yi suka gama. Na tambayi direban ina za a kai ta, ya ce bai sani ba, shi dai an ce ya tara ta gefe.

Da muka juya, Alfred ya sake waiwayen filin. Ya ce, "Ubana ya haƙa ta, ni na rufe ta, jikana zai ɗauki kwali a kanta." Sannan ya tambaye ni tsohuwar da ke sa shi a addu'a. Na gaya masa. Ya cire hularsa, muka tsaya haka a bakin hanya motoci na wucewa.

Ba zan sa wa kowa rana ba, na daina. Abin da na yi shi ne na rubuta shafi huɗu da Hausa, abin da mutane za su iya farawa da fartanya da kwando kafin damina, a gefen da Mama ta ce ruwa na kwanciya. Kaɗan ne ƙwarai. Ba na son in aika wa Eli ta bayanki. Ina son in kawo miki da hannuna, in durƙusa in yi miki gaisuwa yadda ake yi. Akwai babbar motar coach ranar Asabar da ke isa Birmingham da sha biyu. In ba kya son ganina, ki rubuto kalma ɗaya, zan fahimta daidai wannan karon.

Yayanki,
Kambai


Handsworth
13 ga Fabrairu, 2013

Yaya Kambai,

Na gode da gaisuwa. Ina lafiya.

Ka zo. Ina shift a wurin aiki har ƙarfe biyu, makulli na wurin maƙwabciyata Raki, ƙofa mai lamba shida. Ka shiga ka kunna hita, gidan da sanyi.

Ban huce ba tukuna, kada ka zo da tsammanin haka. Amma tun da na dawo ban sami wanda zan yi zancen Mama da shi ba. Duk wanda na gaya wa a nan sai ya ce mini ai ta yi tsawon rai. Kai kaɗai ne a ƙasar nan ka san muryarta.

Za mu kira Eli da yamma. Kai za ka gaya masa yawan shekarun da bakinka, ni ba zan faɗa ba.

Ƙanwarka,
Justina